Lesa ɗaya, reza biyu da bangon aji: yadda aikin kulob ɗinmu na kimiyya ke tafiya

Laraba, 27 ga Nuwamba 2024

Kulob ɗin kimiyya na makarantarmu a nan Garwa ta Kamaru ya tsayar da abin da zai nuna a makon matasa, gabanin bikin ranar matasa na 11 ga Fabrairu. Bara tace ruwa da yashi da gawayi aka yi, bara waccan ma shi ne, har iyaye sun haddace jawabin. Bana 'yan ajin ƙarshe suka ce su kwantum suke so, wato kimiyyar ƙananan abubuwa irin su atam da ƙwayoyin haske, don sun ji Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 ta zama shekarar kimiyyar kwantum, shekara 100 ke nan da Werner Heisenberg ya aza harsashinta a 1925. Na ce to madalla, mu ɗauki ƙa'idar rashin tabbas, amma da sharaɗi: ba wanda zai tsaya gaban jama'a ya karanta musu takarda. Duk abin da za mu faɗa, sai an gan shi da ido ko an ji shi da kunne.

Ga ƙa'idar a gajarce. Duk abu mai motsi yana da wurin da yake, yana kuma da ƙarfin tafiya, wato nauyinsa sau gudunsa, tare da inda ya dosa. A 1927, Heisenberg yana da shekara 25, yana aiki a cibiyar Niels Bohr da ke Kopenhagen, ya nuna cewa waɗannan biyun ba sa tsayawa cak a lokaci ɗaya. Ka matse wurin, ƙarfin tafiyar ya baje. Ka tsai da ƙarfin tafiyar, wurin ya baje. Bajewar wannan sau bajewar wancan ba ta taɓa sauka ƙasa da h/4π. Wannan h ɗin ita ce lambar Planck, 6.626 × 10⁻³⁴ a ma'aunin jul sau sakan: ɗigo, sifili 33, sannan 66. Shi Heisenberg ƙiyasi ya bayar. Wani Ba'amurke, Earle Kennard, shi ya fitar da iyakar daidai wa daida a cikin shekarar.

Aikinmu dai shi ne mu shigo da abu mai sifili 33 cikin ajin da ko labule ba shi da shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Babbar kasuwa, layin masu kayan waya. Na samo lesa ja irin ta maƙalin makulli, wadda yara ke tsokanar kyanwa da ita. A jikinta an rubuta 650 nm, ƙasa da 5 mW, wato tsawon zangon haskenta da ƙarfinsa. Mai shagon ya yi ta zuga ni in ɗauki koriya, wai ta fi haske. Ai hasken nata ne matsalar, ga yara masu son leƙe. Sai fakitin reza, baƙin salatif, gam da batir na ajiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda zan san faɗin tsagar da ke tsakanin bakin reza biyu, tunda rula ba ta san kashi goma na milimita ba. Makanikin da ke duba mini babur a Yelwa shi ya raba gardama. Yana da siraran ƙarafunan nan da suke saita tazarar bawul da su, kowanne da lambarsa a jiki: 0.05, 0.10, 0.20. Ya ce, "Malam, mu da alli muka san ka. Yau kuma bawul za ka ɗaure?" Na ce masa haske zan matse. Ya ɗan dube ni, ya miƙo, ya ce in dawo da su Litinin da sassafe, kuma in lallaɓa na 0.05, shi ne ba ya jure wahala.

Gobe zan haɗa tsaga uku a kan kwali: a manna reza ɗaya, a jingina ƙarfen awon a bakinta, a turo ta biyu har ta taɓa shi, a sa gam, in ya bushe a zare ƙarfen. Ta huɗu kuma zan bar reza ɗaya tana zamewa da hannu.

Laraba, 11 ga Disamba

Mun toshe tagogi da kwalaye da tabarmi. Lesar na kan tarin littattafai, an ɗaure maɓallinta da roba don kada hannu ya girgiza ta. Daga tsaga zuwa bango mita 3, an liƙa farar takarda a bangon. Hunturu ya taimaka ta wani gefen: ƙurar da ke yawo a ɗakin ta sa ana ganin zaren hasken tun daga bakin lesar har bango.

Na fara da tsaga mai zamewa, a buɗe. Jan ɗigo a takarda, ba wani abu. Na soma turo rezar. Abin da kowa ke tsammani shi ya faru: gefunan ɗigon suka yanke, ya tsuke, ya zama siriri a tsaye. 'Yan baya har sun fara hirarsu. Na ci gaba da turawa da bakin farce, a hankali. Sai ɗigon ya daina tsukewa. Kafin wani ya yi magana ya soma buɗewa, hagu da dama, ya miƙe ya zama jan layi a kwance, tsakiyarsa mai haske, sai gurbin duhu, sai guntun haske, sai duhu, suna jere suna dusashewa har gefen takardar. Ina ƙara matse ƙofar, layin na ƙara tsawo. Da na ja rezar baya, ya tattaro kansa ya koma ɗigo.

Wani yaro ya ce wallahi Malam ya taɓa lesar. Na ja da baya na ba shi kwalin. Ya matse da kansa, ya buɗe, ya sake matsewa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi bai ce komai ba. Haka kwalin ya zaga ɗakin har aka kira la'asar.

Ban yi musu lissafi yau ba. Na bar su da tambaya ɗaya su kwana da ita: ka rage wa abu hanya, don me zai ƙara yaɗuwa?

Laraba, 18 ga Disamba

Ranar awo. Abin da muke aunawa shi ne faɗin hasken tsakiya, daga duhun farko na hagu zuwa duhun farko na dama. Ɗaya na sa alama da fensir, ɗaya na riƙe da tocila a rufe da tafin hannu, ɗaya na karanta rula.

Tsaga ta 0.20 ta ba da santimita 2. Ta 0.10 ta ba da 4 saura kaɗan. Ta 0.05 ta wahalar da mu, don hasken da ke wucewa kaɗan ne, gefunansa dishi-dishi. An yi ta musu tsakanin 7 da rabi da 8. Lissafin littafi, wato biyu sau tsawon zangon hasken sau nisan bango a raba da faɗin tsaga, ya ba da 1.95 da 3.9 da 7.8. Da reza da gam, wannan ba abin rainawa ba ne. Su da kansu suka lura: ka raba tsaga biyu, hasken ya ninka biyu.

Sai muka hau allo, kuma nan ne wurin da nake so su riƙe. Duk ƙwayar hasken da ta wuce, mun san inda take ta fuskar hagu da dama, iyakar faɗin tsagar, mu kira shi a. Kafin ta iso tsagar, gaba kawai ta dosa. Bayan ta wuce, tana iya karkata gefe da kusurwa wajen λ/a, inda λ ke nufin tsawon zango, irin wanda masu rediyo suka sani da mita kaza a gajeren zango, sai dai na jan haske bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ƙarfin tafiyar ƙwayar haske kuwa h/λ ne. Ninka su: ƙarfin tafiyar gefe ya baje da kimanin h/a. Ninka wannan da a, wato bajewar wuri. Saura h kaɗai.

Na ce su duba da kyau abin da ya ɓace. Tsawon zango ya fita daga lissafin, faɗin tsaga ma ya fita. Da koriyar lesa muka saya, layin bangon zai ɗan fi gajarta, amma kowace ƙwaya ta fi ƙarfin tafiya, a ƙarshe h ɗin nan za a tarar. Awon namu na gurguje ne, shi ya sa muka sami h ba h/4π ba, amma mun faɗo sama da iyakar, inda ya kamata.

An tafi hutu.

Asabar, 28 ga Disamba

Hutun nan na zauna kan yadda za a faɗi dalilin abin, don a nan ake yawan zamewa.

Labarin da ya fi yawo shi ne na madubin Heisenberg. Kana son ganin ilektron, ɗan ƙwayar nan mai lantarki da ke cikin atam, sai ka haska shi. Don ka gan shi sosai kana buƙatar haske mai gajeren zango ƙwarai, irin hasken gama. To gajeren zango ƙarfin tafiyarsa babba ne, yana dukan ilektron ɗin ya canza masa gudu. Ka san wurinsa, ka ɓata tafiyarsa. Labarin na da daɗin faɗa, kuma na Heisenberg ne da kansa, yana cikin takardarsa ta 1927. Amma Bohr na dawowa daga hutu a Norwe ya nuna masa akwai gyara a bayanin madubin, suka yi ta ja-in-ja, har Heisenberg ya ba da labari daga baya cewa gardamar ta sa shi hawaye. A ƙarshe ya ƙara bayani a gindin takardar.

Ni abin da ya sa ba na son mu gina nunin a kan wannan labari shi ne abin da yake bari a kan yaro: wai ilektron na da wurinsa da gudunsa tsaf, mu ne masu nauyin hannu, in an ƙera na'ura mai laushi magana ta ƙare. Lissafin Kennard bai ce haka ba. Ka shirya ilektron dubu iri ɗaya sak. Ka auna wurin ɗari biyar, ka auna ƙarfin tafiyar sauran ɗari biyar ɗin. Babu wanda aka auna sau biyu, balle a ce awon farko ya ɓata na biyu. Duk da haka amsoshin rukunin farko za su baje, na biyu ma za su baje, kuma wannan sau wancan ba zai sauka ƙasa da h/4π ba. Bajewar tana jikin abin tun kafin a taɓa shi.

Don in nuna wannan ba tare da allo ba, na je unguwar Hausare wurin wani dattijo mai busa algaita, da manhajar waya mai zana sauti: lokaci a kwance, kaifin murya a tsaye. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, murya ɗaya nake so, ka ja ta iya jan ka." Ya cika kumatu ya riƙe ta, yana shaƙar iska ta hanci busar ba ta yanke ba. A fuskar wayar sai ga siraran layuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kowanne a mazauninsa. Sai na ce jikansa ya tafa hannu sau ɗaya. Wayar ta zana sanda guda a tsaye, siririya, ta ratsa daga ƙasa har sama.

Busar tana da murya tsayayya, amma ba za ka nuna sakan ɗaya ka ce nan take ba, ta mamaye lokacin duka. Tafin yana da lokacinsa daidai, amma ya taɓa kowace murya. Sautin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, muryarsa na bajewa a faɗin Hz 100, wato kaɗawa 100 a sakan, ko kusa da haka, kuma ba laifin kunne ko na waya ba ne. Lissafin Bafaranshen nan Joseph Fourier ne, na tun 1822, kuma duk abin da ke tafiya a matsayin igiya, irin igiyar ruwa ko ta sauti, yana ƙarƙashinsa. Abin da kwantum ta ƙara shi ne na Louis de Broglie a 1924: ilektron ma igiya gare shi, kuma tsawon zangonta shi ke faɗin ƙarfin tafiyarsa.

Na yi wa Baba bayanin iya yadda zan iya. Ya goge bakin algaitar ya ce, "Ɗana, ai tafi ba shi da murya. Wannan ma sai an yi boko?" Ya yarda mu yi amfani da abin da muka ɗauka, muddin za a faɗi cewa busarsa ce.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

An dawo, kuma an dawo da rigima mai amfani. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu tun kafin a kunna lesa.

"Malam, a littafinmu an ce Fresnel ya yi lissafin wannan bajewar tun 1818. Shi bai san Planck ba, bai san Heisenberg ba. In igiya kaɗai ta isa ta bayyana abin da ke bango, mu me muka nuna na kwantum?"

Gaskiyarta. In haske igiya ce kawai, babu abin mamaki a bangonmu. Igiyar ruwan Binuwai ma in ta bi ta matsattsen wuri buɗewa take yi. Inda kwantum ta shigo shi ne hasken ba ya sauka a shimfiɗe. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kowace a wuri guda, kuma ba mai iya faɗin inda ta gaba za ta faɗa, sai dai a faɗi inda ya fi yiwuwa. Lesarmu na zubo su da yawan da ido ba zai rarrabe ba. A 1909 wani ɗalibi a Kambirij, G. I. Taylor, ya rage haske har ya zama kusan babu, ya bar farantin hoto na tattara inuwar allura wajen wata uku. Zanen da ya fito bai bambanta da na haske mai ƙarfi ba. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka ga ilektron na yin wannan ɗabi'a ta igiya a kan ƙarfen nikel. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka saki ilektron ɗaya bayan ɗaya, ɗigo na sauka nan da can kamar ba tsari, har layuka suka fito. Wanda ya fi kusa da namu kuwa na birnin Biyana ne, a ƙasar Ostiriya: ƙungiyar Anton Zeilinger ta tura dunƙulen atam 70 na kabon ta cikin tsaga, suna matse ta, dunƙulen na ƙara bajewa, aka buga sakamakon a 2002. Tsagarmu ce sak, sai dai abin da ke wucewa yana da nauyi.

Wani yaro ya ce mu rage hasken mu ɗauka da kyamarar waya, ai a duhu hoto na yin tsaki-tsaki, mu ce ga ƙwayoyin haske. Na hana. Ba mu da hanyar raba tsakin da haske ya kawo da wanda wayar ke haifarwa da kanta, kuma ba za mu nuna wa iyaye abin da ba za mu iya karewa ba.

Shawarar da aka yanke: za mu faɗa ƙarara cewa bangonmu rabin labarin yake nunawa, rabin igiya. Ɗaya rabin za a nuna shi da bidiyon gwajin Tonomura. Na ce da ita, "'Yata, tunda ke kika tono, ke za ki tsaya ki faɗa." Ta ce ita ba ta iya magana gaban mutane ba. Ajin duka ya yi dariya.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau tambayar ita ce a ina ƙa'idar ke da tasiri, a ina kuma ba ta da shi. Ba a amsa wannan da baki, sai da lamba.

Ƙwayar gero. Ɗari na yin wajen giram 1, ɗaya ke nan 0.01. A ce mun san wurinta har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙa'idar ta ce gudunta zai baje da aƙalla mita 5 × 10⁻²⁴ a sakan. Na sa su ninka da shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8. Amsa: da wannan gudun, tun farkon halitta zuwa yau ƙwayar wajen kashi biyu cikin dubu na milimita kawai za ta matsa. Ƙa'idar na kanta, amma ba mai awo a kasuwa da zai taɓa jin ta. Wani ya tambaya ko mai tsaron gida zai iya fakewa da ita in ƙwallo ta wuce shi. Na ce ya yi lissafin da giram 430 ya kawo mana.

Sai ilektron. Nauyinsa kilo 9.1 × 10⁻³¹. Ka tsare shi a faɗin atam, kashi ɗaya cikin miliyan goma na milimita. Bajewar gudunsa ta kai wajen kilomita 580 a sakan, kusan Garwa zuwa Ngaundere da dawowa kafin ka ƙifta ido sau biyu. Lissafi ɗaya, h ɗaya. Nauyi da ƙuncin wuri ne suka raba su.

Daga nan muka shiga abin da ni a ganina ya fi komai a wannan babi. Tun 1911 Rutherford ya nuna atam na da ƙaramar cibiya mai jan ilektron. A tsohon lissafi, ilektron ya kamata ya rufta cikin cibiyar nan take, atam ya ruguje. Me ya hana? Ka matso da shi rabin nisa, ribar da yake samu ta jan cibiya ta ninka biyu. Amma ka matse wurinsa da rabi, ƙarfin tafiyarsa ya ninka biyu, kuzarin motsinsa kuwa ya ninka huɗu. Huɗu ta fi biyu, cinikin ba ya biya. Akwai nisan da abin ke daidaita, kuma da suka yi lissafin wa haidirojin suka sami nanomita 0.053 (nanomita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita) da kuzari 13.6 eV (ma'aunin kuzarin ilektron), lambobin da ke cikin littafinsu tun bara suna haddacewa ba su san daga ina suka fito ba. Girman atam daga nan yake, girman tebur da na wanda ke zaune a kansa kuma daga girman atam.

Asabar, 18 ga Janairu, da dare

Hazo ya ɗan sarara, muka haɗu da kaɗan daga cikinsu a filin makaranta bayan isha'i, da izinin iyaye. Na nuna musu Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Nisansa shekarar haske 8.6. Yana da abokin tafiya da ido ba ya gani, wanda aka fara hangowa a 1862: nauyinsa kusan na rana, girmansa kusan na duniyarmu. Wutarsa ta ƙare, nauyinsa na danne shi, amma bai rufta ba. Ilektron ɗin cikinsa an matse su matuƙa, ƙarfin tafiyarsu ya hau, ga kuma dokar Pauli ta 1925 da ta hana ilektron biyu zama a hali ɗaya. Su ke tokare da tauraron. Tokarar na da iyaka, wajen nauyin rana 1.4, kuma wani saurayi ɗan Indiya, Chandrasekhar, ya gano hakan a 1930 yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, yana da shekara 19. 'Yan ajin ƙarshe sun yi shiru da jin shekarun, don wasunsu sun kai.

Laraba, 22 ga Janairu

A ɗakin malamai wani abokin aiki, malamin falsafa, ya ce ya ji abin da muke yi, ai shi ma yana koyar da shi: mai kallo na canza abin da yake kallo, kamar yadda aji ke natsuwa ran da sufeto ya zo. Wani kuma ya ce to ga shi kimiyya da bakinta ta amsa cewa ba ta da tabbas a kan komai. Na sha shayina tukuna.

Na farko halin ɗan Adam ne, ba ruwan h a ciki. Na biyu kuwa ya juya maganar. Ƙa'idar ba ta ce komai na rawa ba. Ta ware wasu tagwayen abubuwa, ta faɗi iyakarsu da lamba. Howard Robertson ya fayyace a 1929 waɗanne tagwaye ne abin ya shafa. Wuri ta gabas da yamma da ƙarfin tafiya ta gabas da yamma, e. Wuri ta gabas da yamma da ƙarfin tafiya ta kudu da arewa, a'a, waɗannan ana iya tsai da su tare. Wannan ma yana bangonmu: tsagar a tsaye take, ta matse hasken ta hagu da dama, ya baje hagu da dama kawai, tsayinsa bai ƙaru ba. Na kai malamin falsafar ajin, na juya kwalin tsagar ta kwanta, layin ya miƙe tsaye. Ita h ɗin kuwa an san ta har an ɗaure ta: tun 20 ga Mayu 2019, ranar da mu muke faretin bikin ƙasa a nan, da ita ake fassara kilo a duniya.

Ya ce zai zo ranar nunin da tambayoyinsa. Na ce ya zo da wuri ya sami benci.

Laraba, 29 ga Janairu

Takardun bango uku kawai muke da kuɗinsu, misalai sun fi haka. An yi ƙuri'a.

Hiliyam ya ci. Yana zama ruwa a digiri 269 ƙasa da sifili, kuma in ba a danne shi da matsin da ya kai wajen ninki 25 na iskar da muke shaƙa ba, ba ya daskarewa ko an kai ƙarshen sanyi. Daskarewa na nufin kowane atam ya zauna wuri guda. Atam ɗin hiliyam ba shi da nauyi, ba ya kuma riƙe ɗan'uwansa da ƙarfi, motsin da matsewar ke haifarwa ya isa ya watsa zaman. A Leiden ta Holan aka fara mai da shi ruwa a 1908, aka daskarar da shi da matsi a 1926.

Na biyu, ɗigon kwantum: ƙananan duwatsu masu faɗin 'yan nanomita, sinadari ɗaya, amma ƙarami na ba da haske mai shuɗi, babba mai ja, don ilektron da aka fi matsewa ya fi kuzari. Suna cikin wasu talabijin na zamani, kuma a kansu aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta 2023. Yaran sun so shi don launi.

Na uku na sa baki, na zaɓi LIGO, na'urorin Amurka biyu masu hannuwa na kilomita 4 da suka fara jin girgizar sararin samaniya a 14 ga Satumba 2015. Awonsu ya yi laushin da rawar kwantum ta hasken lesarsu ta zama cikas. Ba su karya ƙa'idar ba, ciniki suka yi da ita: suka matse rawar a ɓangaren da suke aunawa, suka bar ta ta kumbura a ɗaya ɓangaren. Tun 2019 suke aiki da wannan matsattsen haske. Ina son iyaye su ga cewa injiniyoyi na zama da wannan doka kamar yadda suke zama da nauyin siminti.

Agogon atam bai sami takarda ba, amma za a ambace shi a wurin algaita, don maganarsu ɗaya: in kana son murya tsayayya, ka daɗe kana saurare. Atam ɗin siziyam na kaɗawa sau 9,192,631,770 a sakan, kuma a agogon da suka fi kyau ana cilla atam ɗin sama su faɗo a hankali don a sami lokacin sauraro. Maganar saƙon sirri na kwantum an ajiye ta sai wata shekara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gwaji gaban 'yan ajin farko. Lesa da tsaga sun yi aiki. Sautin algaita ta ƙaramar lasifika ya yi. Ɗalibar nan ta yi bayaninta ba takarda, muryarta na rawa a farko, daga baya har tana nuna bango da rula. Lissafin gero ya yi tsawo, yaran sun fara wasa da benci, za a rage shi zuwa lamba biyu.

Wani ƙaramin yaro ya tambaya: kafin ƙwayar hasken ta kai bango, tana ina? Manyan suka dube ni, na ce su amsa. Ɗaya ya ce tana ko'ina. Ɗaya ya ce tana wuri guda, mu ne ba mu sani ba. Ɗalibar ta ce wannan na biyun shi ne abin da muka yi wata biyu muna cewa a yi hattara da shi. Na gaya musu Einstein da Bohr sun yi irin wannan musu a taron Solvay a Burasel, a 1927 da kuma 1930, kuma masana har yau ba su haɗu kan fassara ɗaya ba, duk da lissafin bai taɓa saɓa wa gwaji ba. Mun tsaya a kan cewa ranar nuni za a ce: lissafi na faɗin inda za ta iya sauka da yawan yiwuwar kowane wuri, abin da ya wuce haka ana kan tattaunawa. Mai cewa tana ko'ina bai gamsu ba, ya ce zai kawo hujjarsa.

Abin da ya rage: ɗakin da aka ba mu tagoginsa na bulo mai huji ne, kwali ba zai zauna ba, sai tabarmi da ƙusa. Tsaga ta 0.05 ta cika da ƙura, layinta ya yi ƙazanta, sai an sake wata da sabuwar reza a ajiye ta cikin ambulan. Ana buƙatar mutum ɗaya a ƙofa mai shigo da jama'a goma-goma, da wani a gefen lesa wanda aikinsa kawai ya hana yara sunkuyawa su leƙa. Asabar ƙarfe 3 za mu haɗu, kowa ya zo da tabarma.